Na sa albashin 70,000 a lissafina, an ba wanda ya yi tayin 68,000. Ina mafita?

Baban Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata damuwa ce ta hana ni barci yau kwana tara, shi ne na ce bari in kawo ta nan, ko Allah zai sa a samu wanda ya san kan abin.

Ina da ɗan kamfanin shara da goge-goge a nan Kano, shekara tara da yi masa rajista. Da mutum shida na fara, yanzu mutum 34 ne a takardar albashina, mata 23, maza 11. Yawancin matan zawarawa ne, wasu kuma mazajensu sun rasu sun bar su da marayu. Babban aikin da ya riƙe mu wata cibiyar lafiya ce ta gwamnati, ba zan kama sunanta ba. Mu ke share ɗakunan kwanciya, mu wanke banɗakuna, mu kwashe shara, safe da yamma, babu Asabar babu Lahadi, har ranar sallah.

A farkon 2023 muka sa hannu a kwangilar shekara biyu, a kan naira 2,100,000 duk wata. Lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, wanda Buhari ya sa wa hannu a 2019, ni kuma 35,000 nake biya. In na ɗora kashi 10 na fansho da ke kan mai kamfani, da kashi 1 na NSITF, asusun diyyar ma'aikata, da kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata, albashin kowa da kowa yana tashi 1,332,800. A ragowar nake sayen omo da Hypo da Izal da mofa da tsintsiya da safar hannu da ledar shara, a cire haraji, in samu abin da zan kai gida. Alhamdu lillahi, asiri a rufe.

Ba a yi wata biyar ba aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu. Litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Matan da ke tasowa daga Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi suka fara makara, don wasu sai sun taka rabin hanya a ƙafa kafin su hau adaidaita. Na ƙara musu 5,000, bayan wata shida na sake ƙara 5,000, duk daga ribata.

Sai ga sabuwar doka. Ranar 29 ga Yuli 2024 Tinubu ya sa hannu a kan 70,000, a ƙarshen Oktoba kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da 71,000 ga ma'aikatan jiha. Washegarin sanarwar na je duba aiki da asuba. Akwai wata dattijuwa a cikinsu, Inna muke ce mata, shekararta bakwai tare da ni. Ta jingine mofa a bango, ta goge hannu a gefen zani, ta ce: "Alhaji, mun ji a rediyo. Mu ma da mu a ciki, ko sai masu takarda?" Baranda ɗaya take gogewa da wata ma'aikaciyar gwamnati, bokitinsu ma wani lokacin ɗaya ne. Na rasa abin da zan ce mata, sai na ce ta ba ni lokaci.

Na dawo ofis na buga lissafi. Mutum ɗaya a kan 70,000, da fansho 7,000, da 700 sau biyu, ya zama 78,400. Sau 34 ya tashi 2,665,600. Wato albashi kaɗai ya zarce kuɗin kwangilar gaba ɗaya da 565,600, ban sayi ko tsintsiya ɗaya ba. Na rubuta takarda sau uku ina roƙon a duba farashin. Amsar da na samu ita ce yarjejeniyarmu ba ta da sharaɗin sauya farashi, in jira sabuwa. Gaskiya ce, babu shi, na karanta. Na sayar da motata na kai albashin 50,000, a nan ƙarfina ya tsaya. Ba zan ɓoye ba, har kwangilar ta ƙare ban kai 70,000 ba, kuma abin yana ci mini rai.

Da aka buga sanarwar sabuwar kwangila, na ce to, yanzu za a gyara. Mutum 30 suka nema. Na zauna da akantana kwana biyu, muka sa 112,000 a kan kowane mutum: 78,400 na albashi, sauran na kayan aiki da yunifom da mai duba aiki da masu canjin wanda ya yi rashin lafiya da haraji da ribata. Ranar buɗe ambulan kamfani bakwai muka hallara. Aka ɗauko akwatin katako, aka buɗe kwaɗon a gabanmu, sakatare yana yage ambulan yana karantawa da ƙarfi, kowa yana rubutawa. Na ji 105,000, na ji 98,000, na ce ai muna kusa. Sai ya karanto 68,000. Na ɗauka ban ji daidai ba, har na leƙa takardar na kusa da ni. Haka ne, 68,000, a ciki har da kayan aiki da riba. Shi aka ba.

Tambayoyina ke nan. Ni wace doka ce ta hau kaina, 70,000 ko 71,000? Shin ya halatta hukuma ta karɓi tayin da bai kai mafi ƙarancin albashin kansa ba, alhali ita ta ƙayyade yawan mutanen? Sannan wani abokina ya ce in raba kamfanin gida biyu, kowane da mutum 17, wai doka ba za ta hau kaina ba. Zuciyata ba ta kwanta da shawarar ba, amma ina da mutum 34 da ke kallona.

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yaye. Na yi shekara 11 a sashen sayen kaya na wata ma'aikata kafin in yi ritaya, na zauna a irin ɗakin da ka kwatanta ba sau ɗaya ba, sai dai ni a ɗaya gefen teburin nake.

Kafin komai, ƙirga kwanakinka. Ka ce yau kwana tara. A dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya, ta 2007, wanda bai gamsu ba yana da kwanakin aiki 15 ya kai ƙorafi a rubuce ga shugaban hukumar da ta ba da kwangilar. Shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa. In bai amsa ba, ko amsar ba ta yi maka ba, kana da kwanakin aiki 10 ka ɗaukaka zuwa BPP, hukumar kula da sayen kayan gwamnati ta tarayya. Idan cibiyar ta jiha ce, dokar jihar za ka duba, Kano tana da tata ta 2021, Kaduna ta 2016, kuma kowace da nata wa'adin. Kada ka bari ya wuce kana jimami. Haka kuma kana da damar neman a yi maka bayanin dalilin da ya sa ka faɗi. Ka nema a rubuce, ka karɓi kwafi mai tambarin an karɓa.

Batun 70 ko 71 mai sauƙi ne. Ƙayyade mafi ƙarancin albashi na ƙasa hurumin majalisar tarayya ne kaɗai a tsarin mulki. Abin da gwamna ya sanar albashin ma'aikatansa ne, a matsayinsa na mai ɗaukar aiki. Shi ya sa ka ji Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas da Ribas 85,000. Kai 70,000 ce a kanka. Amma fa doka daban, kasuwa daban. In ma'aikacin gwamnati mafi ƙanƙanta yana karɓar 85,000 a Legas, mai kamfanin shara a can ba zai riƙe mutumin kirki a 70,000 ba. Ƙarin jiha ba ya kai ka kotu, sai dai ya kwashe maka ma'aikata.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce ƙashin bayan maganar. Mutane suna cewa doka ta ce a ba mafi araha. Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a ba mafi araha a cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. To, sharuɗɗan su ne abin da aka rubuta a takardar neman tayi. Je ka ɗauko taka ka duba. Za ka ga rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar hukumar fansho ta PenCom, ta ITF, ta NSITF, shaidar ayyukan baya. Ina kyautata zaton ba za ka ga layin da ya ce dole kowane ma'aikaci ya karɓi aƙalla kaza ba, ko a kawo bayanin yadda aka rarraba farashin. In babu wannan layin, kwamiti ba shi da abin kamawa. Na taɓa ganin tayin da kowa a ɗakin ya san ba zai yiwu ba sai an danne leburori, muka kalli juna, muka sa hannu. Domin in ka tsallake mai 68 ka ba mai 98, gobe odita zai tambaye ka dalili, kuma "na tausaya wa masu shara" ba amsa ba ce a fayil. Jami'i yana tsoron takardar tuhuma fiye da yadda yake tsoron banɗaki mai wari. Har yau abin yana damuna, don na san su waye suka biya bambancin.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Kuɗin shara da gadi ba daga asusun albashi suke fitowa ba, daga kuɗin gudanarwa ne. Duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikata, kuɗin gudanarwa ne ake fara matsewa. Sai ka ga a shekarar da farashinka na gaskiya ya ninka, a ita ce abin da aka ware wa aikin ya tsaya cik ko ya ragu. In kasafin shara bai wuce miliyan 2 da ɗoriya a wata ba, to 112,000 sau 30, wato 3,360,000, ya faɗi tun kafin a yage ambulan ɗinka. Shi kuwa mai 68,000 ya tashi 2,040,000, ya shige cikin kasafi daidai.

Duk da haka ka rubuta ƙorafin. Kada ka zargi kowa da cin hanci, ba ka da shaida. Lissafi kawai za ka jera: mutum 30 aka nema, doka ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, albashi da fansho kaɗai 77,000 ne, tayin da aka karɓa 68,000. Ka roƙi a bayyana yadda za a yi aikin ba tare da karya dokar 2024 ba. Ko ba a dawo maka da aikin ba, takardar za ta zauna a fayil, kuma jami'in kirki zai samu abin dafawa a zagaye na gaba.

Hajiya Mai Keke ta amsa:

Baban Hafsa sannu da haƙuri, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni ɗinki nake yi, yunifom ɗin 'yan makaranta da zanen gado da rigunan ma'aikatan asibiti. Teloli 12 gare ni, kuma ba albashin wata nake biya ba, kowace riga da kuɗinta. Don haka ta fuska biyu doka ta tsame ni: ban kai mutum 25 ba, sannan masu aikin biya-gwargwadon-abin-da-ka-yi ba sa ciki, kamar yadda masu aikin rabin lokaci da na damina ba sa ciki.

Na faɗi haka ne don kada a yi mana kuɗin goro. Ba duk ƙaramin kamfani ne yake fakewa da 25 ɗin nan don ya cuci mutane ba. Kuma wallahi tsamewar ba ta tsare ni daga komai ba. Satin da aka sanar da ƙarin, babban telana ya zo ya ce kuɗin riga sai ya tashi, in ba haka ba zai koma ɗinkin kaftani a Kwari. Yana da gaskiya, shi ma kwanon masara yake aunawa. Na ƙara. Yadi ya tashi, zare ya tashi, man janareta ya tashi. Farashin da na rubuta a tayi kuwa yana nan yadda na rubuta shi wata huɗu baya.

Amma ni abin da ya fi karya ni ba albashi ba ne, jinkirin biya ne. Na taɓa kai kaya cif, aka ƙirga, aka sa hannu, sannan na yi wata bakwai ina bin bauca daga tebur zuwa tebur. Tela ba ya jiran wata bakwai, ranar Alhamis yake son kuɗinsa. Kai ma mai shara ba za ta jira ba. Da albashin 35,000 ne, in aka yi maka jinkirin wata uku, miliyan 4 za ka nemo ka toshe. Yanzu miliyan 8 za ka nemo. Daga ina? Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa kuwa sai abin da ya yi sama. Ni ma ba na cin bashi da ruwa, adashe da 'yan'uwa ne jarina. Babban kamfanin da ya taso daga Abuja ko Legas yana da ayyuka goma, in nan ba a biya ba can an biya, zai iya jira har shekara. Mu 'yan gida da aiki ɗaya ko biyu muke numfashi. Ƙarin albashin ya ninka kuɗin da ake buƙata mutum ya riƙe a hannu kafin ma ya shiga takara, shi ya sa kake ganin ƙananan 'yan kwangila suna janyewa ɗaya bayan ɗaya.

An ce dokar tarayya ta tanadi cewa biyan da ya wuce kwana 60 jinkiri ne, har da ƙarin kuɗi a kai, kuma ana iya ba da kuɗin kafin alƙalami har kashi 30. A 2017 ma Osinbajo ya sa hannu a wani umarni na fifita kayan gida a sayayyar gwamnati, yunifom da takalma suna ciki. Duk na san da su. Sai dai wanda yake fatan a sake kiransa baɗi ba ya iya ɗaga murya a kan jinkiri.

Batun raba kamfani, ni ba zan ba ka shawarar ba. Matan nan sun san juna, sun san kai ne mai duka biyun. Ranar da suka gane dalilin rabawar, amanar shekara tara ta tafi.

Ɗan Mai Shara ya amsa:

Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne, ka girme ni. Mahaifiyata ta yi shekara 11 tana shara a ƙarƙashin 'yan kwangila, kamfani uku ta yi wa aiki a wuri ɗaya, riga kawai ake canja mata. Da kuɗin na yi karatu. Lokacin da doka ta ce 18,000, 12,000 take karɓa. Da aka koma 30,000, aka kai ta 20,000. Kullum maganar ɗaya ce, gwamnati ba ta biya ba, kwangilar ba ta da riba. An yi shekaru ana cire mata kuɗin fansho, da ƙafarta ta kumbura ta ajiye aiki muka je dubawa, ba mu tarar da ko sisi a asusun ba.

Don haka in na ji ɗan kwangila yana kuka, sai na tuna hannunta da Hypo ya cinye. Kai ka faɗi gaskiya cewa 50,000 ka biya, na yaba maka, da yawa ba za su faɗa ba. Amma tun da dokar ta fara aiki, 20,000 ɗin da ke tsakani haƙƙinsu ne, bashi ne a kanka, ba alheri ba ne da ka kasa yi. Ka rubuta shi a matsayin bashi, ka gaya musu ka rubuta.

Kuma a daina magana kamar 70,000 wata dukiya ce. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC 615,000 suka fara nema. Sai da aka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni 2024, aka kashe wutar ƙasar nan gaba ɗaya, sannan aka sauko aka tsaya a 70,000. A watan Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, buhun shinkafa ya fi albashin tsada. Mace mai 'ya'ya biyar, ta biya adaidaita kwana 26, me ya rage?

Inda na yarda da kai shi ne, wanda ya karɓi tayin 68,000 ya san abin da ya saya. Ko yaro ya iya wannan lissafin. Gwamnati ta mayar da shara da gadi hannun 'yan kwangila ne don ta rage kashe kuɗi, kuma ragin daga cikin tukunyar irin su mahaifiyata yake fitowa. Su kuma ba su da ƙungiya. Ma'aikacin gwamnati in an taɓa shi akwai mai yi masa magana, mai sharar ɗan kwangila in ta yi magana gobe an kawo wata. In da gaske kake, kada ka tsaya a ofishin da ya kayar da kai. Ka kai lissafin nan ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharku, ka kai wa NLC reshen jiha. Su ma ya kamata su san cewa albashin da suka yi yaƙi a kai bai isa baranda ba.

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Yaron nan ya faɗi gaskiya a kan bashin, Alhaji, ka karɓa.

Na manta ban taɓo rabawar ba. Ban da abin da Hajiya ta faɗa, ko ta fuskar kasuwanci asara ce. Sabon kamfani ba shi da shaidar haraji ta shekara uku, ba shi da tarihin aiki, ba shi da juyin kuɗin da ake nema a banki. Shekara tara da ka tara a suna ɗaya ita ce jarinka. Sannan aikin da ya nemi mutum 30, kamfani mai mutum 17 zai nema da wane baki?

Abin da zan so ka yi, kai da sauran masu sana'arku, shi ne ku haɗu ku je da murya ɗaya, ko ta KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa ta Kano, ko ta ƙungiyarku, ku nemi abu biyu daga hukumar kula da sayen kaya ta jiha. A riƙa raba tayi gida uku, albashi daban, kayan aiki daban, ladan kamfani daban, a ƙayyade na albashin yadda ba mai sauka ƙasa da doka, takara ta koma kan sauran biyun. Kuma a sa sharaɗin cewa in doka ta ƙara albashi, wannan ɓangaren zai tashi da kansa. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027 ana sa ran wani zama. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar shekara biyu ko uku yanzu ba tare da wannan sharaɗin ba, abin da ya same ka zai same shi. Mai 105,000 da mai 98,000 da kuka zauna tare, ka neme su, ciwonku ɗaya.

Baban Hafsa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu, na ɗauko takardar neman tayin na karanta ta layi-layi har sau biyu. Yadda ka faɗa haka ne, babu inda aka ambaci albashi ko sau ɗaya, amma an rubuta irin mofar da ake so da launin yunifom. Jiya na kai takardar ƙorafin, shafi ɗaya da rabi, lissafi zalla, an buga mini tambari a kwafina. Na kira mai 98,000, ya ce shi ma zai rubuta, kuma ya san wasu uku masu kamfanin gadi da irin wannan ta same su.

Ɗan Mai Shara, maganarka ta yi mini zafi, na kwana ina juya ta, kuma ban sami inda ka yi kuskure ba. Na sa akanta ya fitar da abin da kowa yake bi na tun daga watan da dokar ta fara aiki. Na tara su ranar Asabar na karanta wa kowa nasa, na ce ba ni da shi yanzu, amma ga shi a rubuce da sa hannuna, zan riƙa ragewa duk wata daga ɗan aikin da ya rage mana a wasu ofisoshi biyu masu zaman kansu. Fanshonsu kuwa na ce kowa ya je ya duba asusunsa da kansa, wanda bai ga nasa ba ya zo ya same ni. Allah ya ba mahaifiyarka lafiya.

Hajiya, na bar maganar rabawa.

Abin da ya rage shi ne mutanen. Aikin da ke hannuna yanzu ba zai ɗauki fiye da 13 ba. Sabon kamfanin ya aiko a faɗa wa matan cewa duk mai so ta zo, tunda sun san wurin. Mutum 16 sun je. Inna tana cikinsu, ta zo har gida ta gaya mini da bakinta don kada in ji a wani wuri. Na tambaye ta nawa suka ce. Ta ce 32,000, kuma kowa zai zo da tsintsiyarsa, safar hannu sai an yi wata za a raba. Na ce ta je, ba zan riƙe ta da yunwa ba. Na ɗebo mata safar hannu guda shida daga sito da takunkumi kwali ɗaya, don ɗakin da take wankewa na masu tari ne.

Baba Akawu, tambaya ɗaya ta rage. Idan kwanakin aiki 15 suka cika ba su amsa ba, takarda ta biyun ita ma lissafin zan maimaita, ko in haɗa da abin da aka ce za a biya su Inna? Ina tsoron in sa, a gane daga bakin wa na ji, a sallame ta.